Kafin Mu Tafi Rijiyar Kusugu

Jawabin da aka yi wa iyaye da matasa game da ziyarar Daura



Tun da muka kawo shawarar kai matasanmu Daura bayan girbi, waɗansu iyaye suke tambaya: "Me yaranmu za su nema a rijiyar maciji? Wannan ba tsafi ba ne?" Tambayar tana kan hanya, bari mu duba ta tare.

A ƙasar Nepal mai manyan duwatsu akwai wani wuri, Lumbini, inda aka haifi Buddha. Mabiya addininsa sukan je can ibada. Amma tun kafin UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, waɗanda ba mabiyansa ba ma sukan je. Su tuɓe takalma, su rage murya, su saurari bayani, su koma gida da addininsu. Zuwa ibada dabam, zuwa neman sani dabam. Mu sani za mu nema.

Ga labarin da Daurawa suka gāda. Daura tana ƙarƙashin sarauniya Daurama, gari kuwa ya dogara ga rijiyar Kusugu. A cikinta akwai macijiya mai suna Sarki, ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Wata rana da dare wani baƙo, Bayajidda, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce babu. Ya karɓi guga ya nufi rijiya, ya sare kan macijiyar da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo. Daga zuriyar Bayajidda aka lissafa Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Masana suna muhawara a kan abin da ya faru ainihi. Amma duk macen da ta taɓa yin sammako zuwa rijiya a watan Afrilu ta san ma'anar ɗiban ruwa sau ɗaya a mako. Labarin ƙishi ne, da na baƙon da ya zama alheri ga masu masaukinsa.

Za mu kuma ga fadar Sarki. A lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sarautar ta bar hannun gidan sarakunan Haɓe, suka koma wajen Zango da Ɓaure, sai daga baya Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon Daura. Sarki Muhammadu Bashar ya yi mulki daga 1966 zuwa 2007, Alhaji Umar Faruk Umar ya gaje shi.

Me ya sa wannan ya dame mu? Yaranmu da yawa sukan ji ana cewa Bahaushen da ya zama Kirista ya bar Hausa. Yaron da bai san asalinsa ba, sai ya yarda, ko ya yi fushi. Wanda ya ja guga a Kusugu da hannunsa ya san tarihin nan nasa ne, kamar yadda yake na maƙwabcinsa Musulmi. Mu tuna kuma, a Yohanna sura 4, a bakin rijiyar Yakubu Yesu ya roƙi Basamariya ruwa.

Baƙi ne mu, saboda haka:

• Mu aika wa masu kula da wurin tun da wuri, kada mu faɗa musu ba sallama.
• Kada mu sa tafiyar lokacin sallar Juma'a.
• Mu yi shigar mutunci, mata su yafa mayafi.
• A fada mu tuɓe takalma inda dogarai suka nuna, mu gaida manya da "Ranka ya daɗe".
• Mu nemi izini kafin ɗaukar hoto.
• Kada mu yi dariya ko gardama in ana ba da labari.

Kafin ranar tafiya, kowane matashi ya zauna da kakarsa ko kakansa ya tambaya: wa ya haƙa rijiyar farko a ƙauyenmu? Daga ina kakanninmu suka zo? Ku rubuta amsar, za mu karanta tare in mun dawo.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.