Bangaskiyar Kaka da Harshen da Ya Riƙe Ta

Jawabin jikokin marigayi a taron shekara na 'yan asalin Wusasa, wanda aka yi a Challawa, Kano

 Muna godiya da aka ba mu wannan fili, aka kuma zaɓi Challawa, inda Kaka ya ƙare aikinsa, ta zama masaukin taron bana.

Da yawanku kun fi mu sanin tushensa, amma akwai yara a nan da ba su taɓa ji ba. Iyayen Kaka jikokin Isawa ne, wato almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a nan Kano saboda irin matsayin da ya ba Annabi Isa. Zuriyarsu ce ta nemi Dokta Miller a Zariya a 1913, aka kafa Gimi, har ciwon barci ya watsa garin. Waɗanda suka tsira suka raɓu da mishan, wadda ta koma Wusasa a 1929. Can aka haifi Kaka, aka yi masa baftisma a majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na maginan Zazzau. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa, bugun 1932, ya koyi karatu. Ko da sabuwar fassara ta fito a 1979, ya saya ya raba wa 'ya'yansa, shi kuwa bai saki tsohon ba har ya koma ga Ubangiji.

Wusasa ta fitar da manya irin su Dokta R.A.B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu. Kaka ba ya cikin wannan sahu. Jirgin ƙasa ya hau ya zo Kano, ya fara lebura a wata masana'antar jima a Bompai, daga baya aka mai da shi Challawa aka damƙa masa makullin sito. Wanda ya san sana'ar fata ya san abin da ke ratsa hannun mai sito, da yadda ake cin amana a wajen awo. Dillalan fata, waɗanda kusan dukkansu Musulmi ne, sukan ce a jira Malam ya zo kafin a ɗora kaya a sikeli. Ba ya wa'azi a wurin aiki. In lokacin salla ya yi, shi yake tsare wa abokansa kaya. A rikicin Oktoba 1991, wani maƙwabcinsa a Panshekara ya shigar da iyalinmu cikin gidansa, ya zauna a zaure har ƙura ta lafa. Bayan masana'antu sun soma durƙushewa, shekarun da suka biyo tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, su biyun suka koma noman rani tare a bakin kogi.

Abin da ya fi damun sa a ƙarshen rayuwarsa shi ne mu. Duk tsawon zamansa a Kano yana shan tambaya iri biyu: a kasuwa a ce ta yaya Bahaushe zai zama Kirista, a wasu majami'un Sabon Gari kuma a dube shi da hularsa da babbar rigarsa kamar baƙon da ya ɓata hanya. Bai taɓa yarda ya ajiye ɗaya domin ya tsira da ɗaya ba. Yau ga mu, jikokinsa, muna sujada da Turanci, 'ya'yanmu kuma ba sa iya karanta Zabura da Hausa sai da gargada. Ba mu ga laifin Turanci ba, da shi muke cin abinci. Sai dai in muka bar harshen ya kuɓuce mana, mun gaskata masu cewa mu baƙi ne a ƙasar kakanninmu, kuma da hannunmu muka yi.

Saboda haka muna miƙa wa wannan taro roƙo biyu. Kowane reshe ya buɗe ajin karatun Hausa na yara bayan sujadar Lahadi. Mu jikoki mun ɗauki nauyin littattafan reshen Kano na shekarar farko. Sannan a naɗa mutum biyu ko uku su zaga gidajen dattawan da suka rage, su ɗauki muryoyinsu, su tattara katunan baftisma da tsofaffin littattafan waƙoƙi kafin gara ta riga mu. Littafin Kaka, da rubutun hannunsa a gefen shafuffuka, yana kan teburin sakatare ga mai son dubawa bayan an tashi.