Wa Ke Cin Ƙwai a Gidanmu?

Mun gode da kuka bar shago da rumfa da bakin murhu kuka zo. An ce mu yi magana a kan abincin gida. Mu kuwa 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba, saboda haka muka zaɓi abin da muke gani kullum a kan tebur da kan tire, wato ƙwai. Mun ga Alhaji yana murmushi can baya. A yi haƙuri da mu har mu kai aya.

Duk wanda ya bi ta Aboabo ko Asawase bayan sallar asuba ya san ƙamshin da muke nufi. Mai shayi ya fasa ƙwai biyu a kofi, ya yanka albasa da tumatir da ɗan attaruhu, ya kaɗa da cokali, ya juye a kasko, sannan ya danna burodi a kai har ya sha mai. Mu ma muna zama a kan wannan benci, ba mu raina shi ba, can ake jin labarin gari kafin rediyo. Da hantsi kuma ga mai wake da shinkafa, wanda maƙwabtanmu ke kira waakye, in ba a ɗora dafaffen ƙwai kusa da shito da taliya ba sai ka ga kamar ganyen bai cika ba. A Kejetia ga 'yan mata da tire suna tsaga dafaffen ƙwai suna cusa masa barkono da albasa, abin da Asante ke kira kosua ne meko. Mutum ya ce ɗaya zai ci, sai ya tsinci kansa a na uku.

To, a waje muna cin ƙwai, babu gardama. Tambayar da ta kawo mu ita ce ta cikin gida. A zagayen da muke yi na gaishe da marasa lafiya da masu jego, mun shiga gidaje da yawa, kuma abin da muka gani kusan iri ɗaya ne. In an soya ƙwai, na maigida ne ko na baƙo. Yaro ɗan shekara biyu yana tsaye yana kallo, an miƙa masa koko da sukari. Mai ciki ita ma koko. Da muka tambayi wata kaka dalili, sai ta ce, "Ɗana, kai ma ai ka sani, yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama." Mun sani kuwa, don da wannan magana aka rene mu. Wasu kuma suna cewa mai ciki in ta ci, ɗan zai yi girma haihuwa ta yi wuya.

Ba mu zo mu ce iyayenmu ba su da hankali ba. Mu dai ga yadda muka fahimci abin. Kazar gida ba ta yin ƙwai kullum. Takan yi goma ko goma sha biyu, ta kwanta a kai kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi wata da watanni tana yawo da 'yan tsaki, shirwa ta ɗauki rabonta, muzuru ya ɗauki nasa. Abin da ya tsira shi ne kazar da za a yanka wa baƙo, shi ne kuɗin magani ran da ciwo ya zo. Gidan da yara suka gane daɗin ƙwai suka riƙa leƙa akurki, wannan gida ya yi sallama da kaji. Sai manya suka kafa wa akurki shinge da magana mai ban tsoro, kuma shingen ya yi aiki.

Amma ƙwan da ke kan tire a yau ba daga akurkin kaka ya fito ba. Daga gonakin kaji yake zuwa, irin na wajen Dormaa Ahenkro da na kewayen Kumasi, inda kaza ɗaya ke yin ƙwai kusan kowace rana. Waɗannan kaji ba a haɗa su da zakara, don haka ko shekara aka yi ana kwanci a kan ƙwansu babu tsakon da zai fito. Wanda ya ci bai rage garken kowa ba. Mun ci gaba da tsaron akurkin da babu kaza a ciki, yaranmu ne ke biyan kuɗin gadi. Batun sata kuwa, mun daɗe a kasuwa, mun ga ɓarayi iri-iri an kama, ba mu taɓa jin wanda aka bincika aka ce ƙwai ne ya lalata shi ba. Ku dubi maƙwabtanmu Asante, su da ƙwai suke karrama yaro. Ranar farin ciki a kan kirɓa masa eto da manja a ɗora dafaffen ƙwai a sama.

Abin da ma'aikatan lafiya ke faɗa wa matanmu a wajen awo a fili yake. Wata shida na farko nono kaɗai, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga wata shida sai a fara ba da abinci tare da nono, kuma ƙwai na cikin abin da suke ambata da suna. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6 na furotin, abin da ke gina tsoka da jiki. Gwaiduwa kuma, wadda wasu ke cirewa su ba yaro farin kaɗai, a cikinta ne bitamin A da bitamin D suke, da sinadarin da ƙwaƙwalwar yaro ke bukata lokacin da take girma. Koko yana cika ciki, ba mu musa ba, mu ma da shi muka girma. Sai dai cikin yaro ƙarami ne, cokali kaɗan ya cika, shi ya sa ake son kowane cokali ya zama mai amfani. Mai ciki da mai shayarwa su ma jikinsu aikin mutum biyu yake yi.

Yadda za a ba shi babu wuya. A dafa ƙwai minti 10 bayan ruwa ya tafasa, har gwaiduwar ta yi tauri. A murƙushe ta da cokali a cikin koko ko dafaffiyar doya ko shinkafa mai laushi. A fara da kaɗan. In aka ga ƙuraje sun feso, ko fuska ta kumbura, ko amai, a dakata a kai shi asibiti, don akwai yaran da jikinsu ba ya karɓa, ko da yake ba su da yawa. Dattawanmu masu ciwon sukari ko na zuciya kuma su tambayi likitansu adadin da ya dace da su, kada su ce mun ba su fatawa.

Akwai wata al'ada da muke roƙo a bari, ta fasa ɗanyen ƙwai a cikin madara ko lemon malt a ba mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo wai don ƙarin jini. Ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cuta mai sa gudawa da zazzaɓi, wuta ce ke kashe ta. Wanda jikinsa ya riga ya yi rauni shi ne ya fi kasa jure ta. Haka a wajen mai shayi, ku ce ya bar shi ya soyu sosai, ba a bar tsakiya yana ruwa ba.

Mun san abin da ke ran iyaye maza, kuɗi. Gaskiya ne ƙwai ya yi tsada, kuma duk ran da masara ta hau shi ma sai ya hau, don masara da waken soya kajin ke ci. Amma bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Kiret ɗaya ƙwai 30 ne. Magidancin da ke cin biyu kowace safiya a teburin mai shayi, a wata ya ci 60, kiret biyu ke nan shi kaɗai, kuma a farashin ɗai-ɗai wanda ya fi na kiret tsada. In ya ce a soya masa ɗaya, kuɗin ɗayan ya kai gida, ya samar wa gidansa kiret guda a wata ba tare da ya ƙara ko sidi ɗaya ba. Yara uku, kowanne ya samu goma. Ba mu ce a ƙaurace wa mai shayi ba, shi ma ɗan'uwanmu ne, yana da iyali, ga shi nan ma zaune yana hararar mu.

Gidan da babu firiji kada ya sayi kiret shi kaɗai, zafin garin nan ba ya barin ƙwai ya daɗe. Gida biyu su haɗa su raba 15-15. A ajiye a inuwa, nesa da murhu, kuma kada a wanke sai lokacin da za a dafa, domin ɓawon yana da wani ɗan rufi da ke tare ƙazanta, ruwa na wanke shi. Wanda ya tsage a fara da shi a ranar. In ana shakka, a saka a kwanon ruwa. Sabo yakan kwanta a ƙasa, wanda ya kwana biyu yakan ɗaga kai, wanda ya taso sama kuwa baragurbi ne, kada ma a fasa shi a cikin ɗaki. Uwargida mai dabara kuma ta san ƙwai biyu na iya isar gida duka in aka kaɗa su a miyar kontomire ko a miyar tumatir ta cin doya, ko aka juya su cikin gari foto. A nan sai a lura da hannun mai rabo, kada duk gutsattsarin su tafi kwano ɗaya.

Waɗanda suka taso a arewa, wajen Bawku ko Bolgatanga ko Tamale, sun san akwai ƙwan da ya fi duk waɗannan. Da damina ta sauka ciyawa ta rufe ƙasa, zabi sai su fara ƙwai, kuma zabuwa ba ta son akurki, cikin ciyawa ko gona take ɓoyewa. Aikin yara ne su bi ta a hankali daga nesa har su gano gurbin. A kwashe a bar mata kaɗan, don in ta tarar babu komai sai ta sauya wuri. Wasu a sa wa kaza ta kwanta a kai, kusan kwana 28, don kaza ta fi zabuwa riƙon 'ya'ya. Ƙwan zabi ƙarami ne, ɓawonsa da tauri, gwaiduwarsa ja-ja, ga gardi. Muna yara mukan ƙwanƙwasa shi a haƙori mu ji wanda ya fi ƙarfi, sannan a gwabza, wanda nasa ya fashe ya rasa. Malam ya zane mu a kan haka, ya ce caca ce, kuma da gaskiyarsa. Har yanzu in damina ta yi nisa yana saukowa kudu a kwanduna, wanda ya gani ya saya wa jikokinsa su san ɗanɗanon garin kakanninsu.

Yaranmu na zango da yawa ba su taɓa ganin kaza a kan ƙwai ba. Shi ya sa in an fita da su bayan Sallah, ko bakin tafkin Bosomtwe ko gonar wani ɗan'uwa, muke cewa a dafa ƙwai a gida da safe, a bar shi cikin ɓawonsa, a ƙulla gishiri da yaji, a ci a ranar a ƙarƙashin itace. Ya fi biskit araha, ya fi shi riƙe ciki. A nuna musu sheƙar tsuntsu a reshe, su leƙa su ga ƙwan kurciya guda biyu farare, amma a hana su taɓawa. Ba abincinmu ba ne, uwar tana nan kusa tana jira mu wuce. Ɓawon da muka ɓare da ledar da muka zo da ita kuma a tattara a koma da su.

Yanzu iyaye mata masu goyon 'yan wata shida zuwa shekara biyu, muna roƙon ku ɗan dakata bayan addu'a. Hajiya ta dafa ƙwai a baya, za ta nuna yadda ake murƙushe gwaiduwa a koko, kowace ta gwada da hannunta. Kakanni ma su tsaya, don mun san a gidaje da yawa cokalin yana hannunku ne.