Jirgin sama ga Abzin da Kawar: haƙƙi ne ko alfarma?

Jawabin da wani ɗan jarida ya gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikata a birnin Agadas

Ya ku iyayena ƴan kasuwa, ya ku ƴan'uwana ma'aikatan gwamnati, tambayar da ta tara mu yau ita ce: shin ya halatta a ɗebi kuɗin baitulmali a tallafa wa jirgin da zai riƙa sauka Agadas da Arlit da Dirku, alhali talakan da ya biya haraji wataƙila har ya koma ga Allah bai taka matakalarsa ba?

Mu fara da abin da kowa ya sani. Jihar Agadas ta fi rabin faɗin ƙasar Nijar. Daga nan zuwa Yamai kilomita ce fiye da 900, zuwa Bilma kuwa tafiyar kwanaki ce cikin Tenere, babu kwalta ko taku ɗaya. Idan haihuwa ta zo wa mace da gardama a Kawar, ko malamin makaranta ya samu labarin rasuwar mahaifinsa a Maraɗi, nisan nan shi ke yanke hukunci. Shi ya sa ma'aikaci ke ɗaukar turi zuwa arewa tamkar horo.

Ƙasar nan ta taɓa mallakar kamfaninta, Air Niger, daga 1966 zuwa 1993. Air Afrique, wanda muka yi tarayya da ƙasashen Afirka cikinsa tun 1961, ya durƙushe a 2002. Jiragen da ke kawo baƙi masu yawon buɗe ido daga Faransa zuwa filin Mano Dayak sun janye bayan tawayen 2007, maƙeran azurfa da dukawa da masu masauki suka shiga halin ni-ƴasu. A 2014 Niger Airlines ya fara jigilar cikin gida, amma kuɗin kujera ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci.

Dalili a fili yake. Jirgi mai kujera 50, ko da mutum 15 ya ɗauka, man da zai sha da albashin matuƙansa ba su raguwa. Ɗan kasuwa ba ya zuwa inda zai faɗi, ku ma shaida ne. Saboda haka ne Amurka, uwar jari-hujja, da ta sakar wa kamfanonin jiragenta mara a 1978, ta kafa tsarin biyan su daga baitulmali don kada su yi watsi da ƙananan garuruwa. Faransa ma tana biyan giɓin jiragen da ke haɗa tsibirin Korsika da sauran ƙasa.

Masu suka suna cewa a gyara hanyar Tawa zuwa Arlit tukuna. Gaskiyarsu, don buhun gero da albasar Abzin ba za su hau jirgi ba. Amma ko an gyara ta gobe, ba ta kai Bilma. Wasu kuma na tsoron kada tallafin ya zama romon manya da ƴan kwangila. Wannan tsoro na da tushe, kuma maganinsa sharuɗɗa ne.

Na farko, a yi gasar kwangila a bainar jama'a, a buga adadin kuɗin a jarida. Na biyu, a biya kamfani kan tashin da ya yi, ranar da bai zo ba babu ko dala. Na uku, a ƙayyade kuɗin kujera ga mazauna jihar, a keɓe wa marasa lafiya gurbi. Na huɗu, a sake duba yarjejeniyar bayan shekara uku.

Daga ina kuɗin zai fito? Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, a 2014 zinariya ta bayyana a Jado. Yankin da ya ba ƙasa wannan bai roƙi sadaka ba idan ya nemi jirgi sau biyu a mako.

Ina kira ga ƙungiyar ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago su rubuta wannan buƙata da sharuɗɗanta, su sa hannu, su miƙa wa gwamnan jiha kafin a tsara kasafin kuɗin baɗi.