Matan da Ke Barin Gida Kwana Biyu Don Saƙar Darduma

Yau zan ɗauke ku zuwa gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, mu leƙa wata sana'ar hannu ta matan can.

Sana'ar ita ce saƙar darduma da ƙugiya. Mace za ta ɗame buhun algarara a jikin katako mai kusurwa huɗu, ta tsattsaga tsofaffin kayan ulu siriri-siriri. Hannun hagu na ƙasa riƙe da tsumman, na dama na sama da 'yar ƙugiya mai kama da kwarashi. Sai ta cusa ƙugiyar cikin ramin buhun ta jawo tsumman sama kaɗan, ta matsa rami na gaba ta sake jawowa. Ba ƙulli, ba ɗinki. Matsatsin da suka yi wa juna shi ke riƙe su. Talauci ne ya haifi abin a ƙarni na 19, lokacin da dardumar kanti ta fi ƙarfin matar masunci da ta manomi, ga ƙasa mai sanyin tsiya.

To, a yau masu wannan saƙa suna da wata al'ada. Ƙawaye za su haɗa kuɗi su kama gida daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi. Kowa ta zo da katakonta da kwandon ulunta da ɗan abin taɓawa. A zauna ana saƙa ana hira, wannan ta ba waccan jan ƙyalle ta karɓi kore, wata ta ɗora tukunyar rini. Wadda layinta ya karkace a nuna mata ta warware, ba fushi. Ranar tashi kuwa sai a shimfiɗa aikin kowa a ƙasa, har wanda ba a gama ba, a zagaye shi ana dubawa.

Na san wata za ta ce, "Hajiya, wannan ai hutun masu abin hannu ne." Da gaskiyarki. Amma ki saurari abin da zama wuri guda ya yi wa wasunsu.

Akwai wani ƙauyen masunta a lardin Nova Scotia na Kanada mai suna Chéticamp, mutanensa Faransanci suke yi. A 1927 wata Ba'amurkiya mai zane, Lillian Burke, ta je can. Ta kawo wa matan zanen furanni, ta koya musu rini mai taushin launi, tana saye tana kaiwa birnin New York. Kuɗi ya shigo gidaje, ba wanda ya musa. Sai dai kowace mace abin da aka ba ta shi take karɓa. A tsakiyar shekarun 1930, da suka haɗa kai suka auna wahalarsu da abin da ake biyansu, sai suka nemi ƙari. Aka yi rigima sosai, wasu suka ɓalle suka nemo masu saye da kansu. Daga wannan yanki Elizabeth LeFort ta fito, wadda ta saƙa hoton shugaban Amurka Eisenhower aka kai masa a 1957.

Yanzu ke da ke ɗinka hula ko saƙa faifai a tsakar gida, yarinya ko dillaliya ta fita da shi, kin san nawa maƙwabciyarki ke sayar da irin naki? Mu ba sai mun kama gida ba. Da izinin maigida, wuni guda a gidan ɗayanku ya isa, ko ranar da suna ya haɗa ku. Kowa ta ɗauko aikinta, ta faɗi kuɗin zare da kwanakin da ta ɓata, a ji.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a gaida yara.