Gandu, Albashi da Waya: Abin da Ya Shiga Tsakanin Dattawanmu da Matasanmu

   

Akwai ƙorafi biyu da ba a raba majalisun Rogo Ruma da kewaye da su, tun daga Zarewa har Ƙaraye. Dattijo ya ce yaran yanzu ba sa son wahala, sai danna waya da neman kuɗin dare ɗaya. Saurayi kuma ya ce, galibi a bayan ido, su Baba sun ci zamaninsu lokacin da naira take naira, mu an bar mu da kwalin makaranta ba aikin yi. Kowannensu abin da ya gani ya faɗa. Amma ni a nawa ganin ba halin mutane ne ya fara sauyawa ba. Akwai wata yarjejeniya da ta daɗe tana riƙe da uba da ɗansa, ita ce ta warware, kuma har yau ba mu zauna mun ƙulla wata ba.

Ba mu kaɗai muke wannan muhawara ba. A Amurka an haifi yara kusan miliyan 76 tsakanin 1946 da 1964, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sun tashi sun tarar da masana'antu na neman ma'aikata, gidaje da araha, fansho na jiran mutum. Yau jikokinsu na kukan cewa gida ya fi ƙarfinsu, ga bashin karatu a wuya. Sai dai kada mu ɗauko rigimarsu yadda take mu dasa a nan. A can dattawan suna da yawa, kuma dukiya mai yawa tana hannunsu. A nan ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, yau mun haura miliyan 200, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 20 ba. Dattawanmu 'yan kaɗan ne a tsakiyar matasa, kuma mafi yawansu abin da suka mallaka bai wuce gida da gona ba, sai ɗan fansho ga wanda ya yi aikin gwamnati.

Mu fara da gandu. Wata tsohuwa da duniya ta sani da Baba ta Karo, wadda ta tashi a ƙauyen Karo kusa da Zarewa, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Manazarta a ƙasashe da dama ta bakin wannan tsohuwa tamu suka fara jin yadda gidan Bahaushe yake tafiya. Tsarin da ta tashi a ciki shi ne wanda dattawanmu na yau suka riski ƙarshensa. Ɗa, ko da ya yi aure, yana noma gonar gandu tare da mahaifinsa da 'yan'uwansa daga safe zuwa azahar, da yamma ya tafi gayaunarsa. Shi kuma maigida akwai abin da ya hau kansa: shi zai ba da iri da kayan aiki, shi zai ciyar da gida daga rumbu, shi zai biya wa ɗa haraji, shi zai yi masa auren fari. Biyayyar da muke yabo a wajen mutanen da, wadda kuma ta cancanci yabo, tana tafiya ne tare da wannan nauyi da uba yake saukewa. Wata mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta lura cewa gandu ya fi ɗorewa a gidan da gona take da yawa. Inda gona ta yi kaɗan, 'ya'ya sukan watse tun uba yana raye.

Daga baya gwamnati ta zo da tata yarjejeniyar. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, gwamna Audu Baƙo ya shiga gina madatsun ruwa da hanyoyi da ma'aikatu. A 1976 aka kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a shekarar kuma aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul. Makarantu suka yawaita har malamai suka yi ƙaranci, wanda ya fito daga kwalejin horon malamai da takardar daraja ta biyu aji na jiransa. Wanda bai yi nisa a boko ba yana iya samun aiki a masana'antun Bompai ko Sharaɗa, ko masaƙun Kakuri a Kaduna. A 1981, zamanin Shagari, mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, kusan dala 200 a canjin lokacin. Sharaɗin a fili yake: ka yi karatu, ka riƙe aiki ɗaya da amana shekara 35, ka yi ritaya da fanshonka.

A nan zan tsaya in yi wa matasa magana. Kada ku ɗauka iyayenku a inuwa suka tashi. Kaɗan ne daga cikinsu suka ga albashi. Mafi yawa manoma ne da suka sha farin 1973, suka ga cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, gyaɗar da da ita ake biyan haraji a yi sutura a yi aure. Sun biya haraji da jangali har 1979 da gwamna Abubakar Rimi ya soke su, kuma akwai waɗanda suka kwana a daji don gudun kamun haraji. Wasu sun je yaƙin basasa ba su dawo ba. Iyayenmu mata sun binne 'ya'ya saboda ƙyanda. Mutumin da ya ratso wannan, idan ya ce maka ka yi haƙuri, ya san nauyin abin da yake faɗa.

To, yarjejeniyoyin nan biyu duk sun karye a gaban idonmu. Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, naira ta kama hanyar faɗuwa, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Masaƙu suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe ƙofa a 2007. A Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024, naira 70,000, bai kai dala 50 ba a canjin lokacin. Gona kuwa ba ta haihuwa. Eka 20 da kaka ya noma, idan aka raba ta gado sau biyu a gida mai albarkar 'ya'ya, abin da zai isa hannun jika ba zai ciyar da shi wata huɗu ba, balle ya sayi takin zamani a farashin yau. Uba yana nan da son a yi masa biyayyar gandu, amma rumbun da zai ciyar da ɗa da matarsa babu shi. Ba laifinsa ba ne, ba kuma laifin ɗan ba ne.

Ku dubi yadda saurayin Rogo yake neman abinci yanzu. Da damina yana gona. Da kaka yana ɗaukar rake ko yana wajen dafa mazarƙwaila. Da rani, idan yana da hali, yana ban-ruwan tumatir da albasa, musamman waɗanda ke kusa da madatsar Challawa da aka kammala a 1992. Idan babu hali sai cin rani. Ya yi acaɓa a Kano har aka hana a 2013, ya koma Legas, can ma aka hana a manyan unguwanni a 2022. Wani ya kama adaidaita sahu na biyan balas kullum, wani ya kafa teburin POS, wani ya koyi gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Dattijon da ya yi sana'a ɗaya duk rayuwarsa yana ganin wannan rashin tsayawa wuri ɗaya ne. Ni kuwa ban ga rago a nan ba. Na ga mutumin da babu sana'a ɗaya da za ta riƙe shi wata goma sha biyu. Wayar da ake zargi ma, tun da ta shigo a 2001, da ita manomi yake jin farashin masara a kasuwar Dawanau kafin dillali ya buɗe baki.

Abin da ya fi ciwo, kuma ba a cika faɗarsa a fili ba, shi ne ciyarwa ta juya. A gidaje da yawa yau ɗan da ke Abuja ko Fatakwal shi ke turo kuɗin cefane da na magani ta waya, shi ke sayen taki, shi ke yi wa kansa aure, har ya taimaka a aurar da ƙanwarsa. Uba yana jin girmansa na raguwa ko da ba wanda ya raina shi, sai ya ƙara tsanani. Ɗa yana ganin shi ke ɗauke da gida amma ba a shawara da shi, sai ya ƙara nisa. Yawancin faɗan da ake cewa na rashin tarbiyya ne, daga nan yake tasowa.

Ta ɓangaren mata ma haka ne. Uwa ta yi aure da wuri, ta yi kaɗi da ƙuli-ƙuli a cikin gida, yara na kai mata talla. 'Yarta ta gama sakandare, wata ma har NCE, tana sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, tana kuma so a ji ta bakinta kan wanda za ta aura. Tsadar lefe da kayan ɗaki, wadda mu manya muke ƙara wa wuta don gudun gori, ita ke jinkirta auren da muke zargin yaran da ƙin yi.

Ban wanke matasa tas ba. Akwai gaggawar da ke sa yaro ya bar ubangidansa bai gama koyon sana'a ba. Akwai cacar ƙwallo ta waya da ke cinye jari a dare ɗaya, akwai shaye-shaye, akwai mai kwalin difloma da yake jin kunyar a gan shi da fartanya alhali kuɗin fartanyar ne ya biya masa makaranta. Akwai kuma sakaci da amana, wadda ita ce jarin da iyayenku suka yi fatauci da shi zuwa Gwanja da Ikko ba tare da takarda ba.

Ga abin da nake roƙo. Iyaye, ku yanka wa ɗan da ya kai munzali gonar da zai kira tasa tun kuna raye, a gaban shaidu, a rubuce, tare da adalci tsakanin 'ya'ya maza da mata kamar yadda malamai za su yi mana bayani. Ba wanda zai haƙa rijiyar ban-ruwa ko ya dasa mangwaro a gonar da bai san ko baɗi tana hannunsa ba. Masu ba da hayar gona su daina yin ta shekara ɗaiɗai, a yi ta uku ko biyar. Kwamitin masallaci, na makaranta da na sulhu, a sa matasa a ciki, kuma a saurare su idan sun yi magana. Hukuma ta biya ɗan fansho haƙƙinsa a kan kari, domin duk watan da aka jinkirta, a wuyan ɗansa nauyin yake sauka.

Ku kuma matasa, akwai ilimin da yake kan dattawan nan kaɗai: iyakokin gonaki, inda burtali ya bi, fadamar da ke riƙe ruwa da wadda ke yaudara, irin dawar da ke jure ƙarancin ruwa, da wanda ya ba wa wane aron gona a wace shekara. Rigingimun gona da ke kai 'yan'uwa kotu, da yawansu daga rasuwar mutum ɗaya da ya san iyaka suke farawa. Ina ba da shawarar kowace unguwa ta zaɓi samari biyu masu rubutu, su bi mai unguwa da dattawa gona-gona kafin damina ta faɗi, a nuna musu iyakoki, su rubuta, su ɗauki hoto da wayoyinsu, a ajiye kwafi ɗaya a wajen dagaci.