Tuƙa Jirgin Sama da Na'urori Idan Ido Ya Daina Amfani

Tuƙa jirgin sama iri biyu ne a dokar sufurin sama. Akwai tuƙi da ido, inda matuƙi yake leƙa waje ya ga inda sama ta haɗu da ƙasa, ya daidaita fikafikan jirginsa da wannan layi, ya bi kogi ko layin dogo har ya kai inda za shi. Akwai kuma tuƙi da na'urori, wanda ake komawa gare shi idan gajimare ya rufe, ko dare ya yi a tsakiyar teku, ko hazon hunturu ya sauko irin wanda yake lulluɓe Kano da Sakkwato da Yamai har a dakatar da tashin jirage. Wanda ya fara nuna cewa hakan zai yiwu daga tashi har sauka shi ne Jimmy Doolittle, hafsan sojan Amurka. Ranar 24 ga Satumba 1929, a filin Mitchel da ke jihar New York, aka rufe mazauninsa ruf yadda ba ya ganin waje, ya tashi, ya zaga, ya sauka cikin kimanin minti goma sha biyar, abokinsa Ben Kelsey yana kujerar gaba bai taɓa komai ba.

Babban abin da ɗalibi yake fara yaƙi da shi jikinsa ne. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ne suke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. An halicce su don mai tafiya a ƙasa. Idan jirgi ya karkata a hankali, ƙasa da kamar digiri biyu a daƙiƙa, ruwan ba ya motsi yadda za a ji. Idan kuma jirgi ya daɗe yana kwana, bayan daƙiƙa ashirin ko makamancin haka ruwan yakan lafa, sai mutum ya ji kamar a miƙe yake tafiya. Da ya miƙar da fikafikan da gaske, sai kunne ya ce masa ya karkata ɗaya ɓangaren, hannu kuwa ya mayar da jirgin cikin kwanar da ya fito. Jirgin da yake karkace hancinsa yakan yi ƙasa. Matuƙi ya ga yana rasa tsayi, ya ja sitiyari, ja kuwa a cikin kwana ƙara matse kwanar yake yi, jirgin ya yi ta murɗawa yana gangarowa har ƙasa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa ashirin waɗanda ba su koyi tuƙi da na'urori ba, aka toshe musu ganin waje. Dukkansu jirgin ya ƙwace musu, kuma a matsakaicin lissafi cikin daƙiƙa 178 ne, wato ko minti uku ba a cika ba. Irin wannan ruɗewa masu bincike suka ɗora wa alhakin hatsarin John F. Kennedy ƙarami ranar 16 ga Yuli 1999, lokacin da ƙaramin jirginsa ya faɗa teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard a daren da hazo ya shafe iyakar ruwa da sama.

Jarumta ba ta maganin wannan, haka ma daɗewa a aiki, domin jirin yana kama tsohon hannu kamar yadda yake kama ɗan koyo. Abin da tsohon hannu ya fi shi da shi shi ne ya saba ƙaryata jikinsa ya gaskata allon da ke gabansa.

A tsohon tsari agogo shida ne a allon. A tsakiya daga sama akwai wanda yake nuna zaman jirgi: rabinsa shuɗi a madadin sama, rabinsa ruwan ƙasa, da ɗan hoton fikafikai a tsakani. Hagunsa agogon gudu ne, damansa agogon tsayi, ƙarƙashinsa agogon alƙibla. Sauran biyun su ne mai nuna saurin kwana da mai nuna saurin hawa ko sauka. Jiragen zamani sun tattara su a fuskar gilashi ɗaya, amma an bar kowanne a gefen da aka san shi. Ƙwarewar tana cikin yadda ido yake yawo: ya tsaya a na tsakiya, ya leƙa tsayi ya dawo, ya leƙa alƙibla ya dawo, ya leƙa gudu ya dawo, kamar mai kiwo da idonsa ba ya barin garke ko yana magana. Kuskuren da malamai suka fi gani shi ne ƙura wa agogo ɗaya ido. Ɗalibi ya ga ya zarce tsayinsa da ƙafa ɗari, ya tattara hankalinsa a nan, kafin ya ankara alƙibla ta gudu da digiri talatin. Gyara kuma kaɗan-kaɗan ake yi, da yatsu, ba da damtse ba, sannan a saita jirgin yadda ko an saki sitiyari zai zauna. Kwana ma tana da ma'auni: digiri uku a daƙiƙa, wato minti biyu a zagaya a dawo inda aka fara, minti ɗaya a juya baya. Wanda ya afka gajimare ba da shiri ba, wannan minti ɗayan shi ne hanyarsa ta komawa inda ya baro haske.

Sai dai na'urar ma tana ƙarya, kuma a nan ne aikin ya fi wuya. Agogon gudu yana samun labarinsa ne daga wani siririn bututu da yake fuskantar iska a jikin jirgi. Ranar 6 ga Fabrairu 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya tashi da dare daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, bayan ya yi kusan mako uku a ajiye. Bututun ɓangaren kyaftin a toshe yake, kuma masu bincike sun fi zargin zanzaro ne ya yi gininsa na laka a ciki. Da jirgin ya yi sama, iskar da ta maƙale a bututun ta sa agogon kyaftin yana nuna gudu fiye da kima, alhali jirgin raguwa yake yi, na mataimakinsa kuwa daidai yake faɗa. Jirgin ya rasa ƙarfin ɗaukar fikafikai ya faɗa teku da mutum 189. Ranar 1 ga Yuni 2009 ƙanƙara ta toshe irin waɗannan bututu a jirgin Air France da ya taso daga Rio de Janeiro zuwa Faris. Toshewar ba ta kai minti guda ba, amma matuƙin da ke riƙe da jirgin ya ja hanci sama ya ci gaba da ja, mutum 228 suka rasu. Darasin da makarantu suke cirowa daga nan a aikace yake: kada a yarda da shaidar agogo ɗaya sai wani ya mara masa baya. Idan hanci yana inda ya saba, ƙarfin inji yana inda ya saba, tsayi bai canza ba, to gudun ma bai canza ba, komai abin da allura take faɗa. Shi ya sa ake haddace waɗannan lambobi na kowane jirgi tun a ƙasa.

Agogon tsayi shi ma nauyin iska yake aunawa, nauyin iska kuwa yana canzawa daga gari zuwa gari, daga safe zuwa yamma. Kafin sauka hasumiyar filin jirgi takan ba da adadin nauyin iskar wurin, matuƙi ya murɗa ya saita, ya kuma maimaita mata da bakinsa. Kuskuren hektofaskal ɗaya, wato ma'aunin nauyin iskar, kusan ƙafa talatin ne. Wanda ya sa 1013 a maimakon 1003 yana ƙasa da inda yake zato da kusan ƙafa 300.

Nauyin wannan lissafi yana bayyana a wajen sauka. Tsarin da aka fi sani, ILS, yana aiko da saƙon rediyo biyu daga filin jirgi: ɗaya yana nuna tsakiyar titin sauka, ɗaya yana shimfiɗa gangara mai digiri uku. Matuƙi yana bin allura biyu, ta tsaye da ta kwance, yana ƙoƙarin riƙe su a gicciye a tsakiya, kuma yana bin su da lissafin ka. Gangarar digiri uku tana cin kusan ƙafa 300 a kowane mil na teku, don haka a mil biyar ya kamata jirgi ya kasance ƙafa 1,500 sama da titi. Saurin gangarowa kuma gudun jirgi ne a ƙasa sau biyar: mai mil 120 na teku a awa zai riƙa sauka ƙafa 600 a minti. Ana matsowa allurorin suna ƙara saurin fushi, gyaran da ya yi daidai a mil takwas sai ya yi yawa a mil ɗaya. A matakin farko na wannan tsari ana iya saukowa har ƙafa 200 sama da titi, idan ana iya hangen mita 550 a kansa. A nan ake yanke hukunci cikin ƙiftawar ido. In an ga fitilu, a sauka. In ba a gani ba, a ƙara wuta a tashi, ba a cewa bari a ɗan ƙara leƙawa. Hukuncin tun a sama aka gama shi, lokacin da matuƙan suka karanta taswirar sauka da babbar murya, suka faɗi tsayin ƙarshe da alƙiblar da za a bi idan an fasa, da filin da za a nufa da man da ya rage.

Fasa sauka kansa yana da tarko. Idan injuna suka ɗauki wuta gaba ɗaya, turawar da jiki yake ji a bayan kujera takan zo wa kunne kamar hanci ya miƙe sama, sai hannu ya so danna shi ƙasa. Haka ya faru da jirgin Gulf Air a Bahrain ranar 23 ga Agusta 2000, ya nutse a teku da dare da mutum 143.

Idan ayyuka suka taru, akwai jerin da ba a saɓawa: a riƙe jirgi tukuna, sannan a san inda ake, sannan a yi magana a rediyo. A Disamba 1972 ma'aikatan wani jirgin Eastern Air Lines suka duƙufa kan wani ƙwan fitila da ya mutu a allo, ba wanda yake kallon tsayi, jirgin ya zame a hankali ya faɗa fadamar Everglades a Florida.

Wannan ƙwarewa tana dushewa da sauri in ba a taɓa ta. Dokar Amurka tana neman awa arba'in na tuƙi da na'urori kafin a ba da shaidar, sannan duk wata shida sai matuƙi ya yi irin wannan sauka sau shida, tare da zagayen jira, kafin ya ci gaba da amfani da ita. A makarantu irin Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ana raba horon tsakanin na'urar kwaikwayon jirgi da jirgi na gaske. A jirgin akan sa wa ɗalibi wata hula mai tare ganin waje, malami ya ce ya sunkuyar da kai ya rufe ido, ya jujjuya jirgin har kan ɗalibin ya ɗaure, sannan ya miƙa masa a karkace ya ce ya gyara. Wani lokaci kuma malamin yakan liƙa takarda a kan agogon tsakiya, ɗalibi ya kai jirgin gida da sauran biyar.