Abin Da Na Gano A Gidan Tarihi Na Birnin Faris



An nemi in ba ku labarin ziyarar da na kai gidan tarihi na Louvre, a birnin Faris na ƙasar Faransa. Wannan gida da fadar sarakuna ce, sai a 1793 aka buɗe shi ga jama'a. A 2018 kaɗai mutum sama da miliyan 10 suka shige shi. Duk wanda zai je, ina ba shi shawara ya zaɓi ɓangare biyu ko uku ya tsaya a kansu, domin wuni ɗaya ba ya isa a zagaye shi.

Yawancin baƙi zanen Mona Lisa suke rububin gani. Ni kuwa ɓangaren da aka buɗe a Afrilun 2000 domin kayan Afirka da wasu nahiyoyi na fi daɗewa a ciki. Da aka buɗe shi, an baje mutum-mutumi uku na gasasshen yumɓu daga Nijeriya: biyu na Nok, ɗaya irin wanda masana ke kira na Sakkwato. An yi ta ce-ce-ku-ce, saboda ba bisa ƙa'ida suka bar ƙasarmu ba. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

'Yan'uwa, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A shekarun 1990 an yi ta tonon irin waɗannan kaya a yankin Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, dillalai suna saye suna ƙetare iyaka da su. Alhali tun 1979 akwai dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Mai tono ya ci kuɗinsa ya ƙare, kaya sun tafi. Hasarar ma ta wuce nan: idan aka fizge abu daga inda yake kwance ba tare da masani ya auna ya rubuta ba, labarin da ƙasar wurin za ta bayar ya tafi ke nan.

Na san wani zai ce ai gumaka ne. Ba bauta ake neman mu yi musu ba. Shaida ce cewa mutane masu fasaha sun zauna a wannan ƙasa tun zamani mai nisa, kamar yadda 'Yandoto ta ƙasar Tsafe ke shaida daɗewar ilimi a wurinmu.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, mu ɗauki nauyin mota kowace shekara a kai ɗalibai Gidan Makama a Kano, ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Na biyu, kowa ya faɗa wa mutanen garinsu: wanda ya tono wani abu a gona, ya kai wa hakimi ko hukuma, kada ya kai wa dillali. In ba haka ba, jikokinmu sai sun nemi biza kafin su ga kayan kakanninsu.

Allah ya ba mu ikon yi.